Ƙwallon Korarru a Filin Arlit

Tun da na dawo daga Arlit ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Kazaure, a ƙofar masallaci, har a wurin ɗaurin aure, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Katanga, wai me ka gano a ƙasar Abzin?" Wasu so suke su ji ko da gaske ne ma'adinin da ake haƙa a can yana sa ciwo. Wasu kuwa, na sani, so suke su ji abin da ya sa mutumin da ya tafi kansa a sunkuye ya dawo yana gaisawa da mutane da ƙarfi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in ba da shi gaba ɗaya.

Sunana Nasiru, amma Katanga aka fi sani na da shi, domin na yi shekaru ina tsaron baya a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Kano. Ban yi sunan da ake ji a rediyon ƙasashen waje ba, amma da ƙafata na ci abinci, da ita na yi aure, da ita na gina ɗaki biyu. Rannan ana tsakiyar wasa gwiwata ta hagu ta goce. Aka yi ɗori, aka yi asibiti, ta warke iya tafiya amma ban da gudu. Ƙungiya ta sallame ni cikin mutunci, na dawo gida ban iya komai ba sai tare ɗan gaba.

Na gwada sayar da kayan waya, na gwada kiwon kaji, na gwada tuƙa a-daidaita-sahu. Duk wanda na fara sai in ji kamar rigar wani na aro. Daga baya na daina gwadawa. In tashi da safe, in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in yi ta bin inuwa har magariba. Ko sharhin ƙwallo na ji a rediyo sai in canja tasha. Matata Hauwa tela ce, ita ta riƙe gidan, da ni da 'yarmu Zainab. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, kuma shirun nan nata ya fi baƙar magana ciwo.

Ita ce ta je ta sami yayanta, Yaya Sule, direban babbar mota mai kai kayan 'yan kasuwar Kano Arlit: robobi, atamfa, citta, barkono. Mutum ne da ba ya tauna magana. Ya same ni a kan tabarmata ya ce, "Nasiru, ɗauko jakarka jibi mu tafi. Ba don kana da amfani a mota ba, don ƙanwata ta huta da ganin ka a ƙofar gida."

Ban ji daɗin maganar ba, amma ba ni da abin da zan ce ya hana ni tafiya.

Muka bi ta Daura muka isa iyaka a Kwangwalam. A ɓangaren Nijar wani jami'i ya karɓi katina, ya tambaye ni suna da gari, sannan ya faɗi wata kalmar Faransanci. Ban gane ba. Ya ce, "Sana'a, malam. Aikin me kake yi?" Na buɗe baki na rasa amsa. In ce ɗan ƙwallo, na yi ƙarya. In ce ɗan kasuwa, na yi ƙarya. Sai Yaya Sule ya leƙo ta bayana ya ce, "Ranka ya daɗe, sa masa fasinja." Jami'in ya yi dariya, 'yan layi suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Muka hau mota muka wuce ta Matamaye.

A Damagaram muka yada zango. Hausarsu tamu ce, sai dai an barbaɗa mata Faransanci kamar yadda muka barbaɗa wa tamu Turanci. Babbar mota kamiyo ce, kwalta gudiro, makaranta lakwal. Da safe na je teburin mai shayi, aka miƙo mini burodi dogo kamar sanda, na ƙwanƙwasa shi na ji ƙwal. Na ce, "Malam, ba ni na yau mana, wannan ai ya kwana biyu." Mai shayin ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Yanzu aka sauke shi daga wuta. Naku mai laushi kamar katifa ba burodi ba ne." Na tsoma shi a kwanon madara da kofi kamar yadda na ga ana yi. Kafin in dawo gida na saba da shi har ina neman sa.

Daga Tanut gonaki suka ƙare, ƙauyuka suka yi nisa da juna. Ruwan alwala ya zama abin lallaɓawa, sau da yawa taimama muka yi. A Agadas muka jira har motoci suka taru, domin ba a son mota ta kama hanyar Arlit ita kaɗai. Hanyar kuwa sunan kwalta kawai take da shi. Ta farfashe har direbobi sun gwammace su sauka su bi gefenta cikin yashi. A nan motarmu ta kafe. Muka sauko da shebur da farantan ƙarfe, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa ƙarfe, mota ta hau ta matsa kaɗan ta sake nutsewa, a ɗauko ƙarfen a gudu a kai gaba. Ni gudun ne ba ni da shi. Gwiwata ta kumbura kamar gwanda, Yaya Sule ya ce in koma gefe kada in zame masa aiki biyu. Na zauna ina kallon turakun lantarki da suka taso daga tashar gawayi ta Anu Araren suka miƙe arewa, ina cewa a raina ko turke ya san inda ya nufa.

Da muka doshi Arlit na hango wani dogon tudu mai shafaffen kai, na ce wannan dutse fa? Yaya Sule ya ce ba dutse ba ne, ƙasar da aka tono ce daga ramukan yuraniyom.

Mun sauke kaya lafiya, sai dai yashin nan ya riga ya ci giyar motar. Bakanike ya buɗe ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga Kano. Tafiyar da aka ce ta 'yan kwanaki ce ta zama zaman sama da wata.

Mai masaukin Yaya Sule wani dattijon Ba'abzine ne, Baba Aghali. Ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a ƙarƙashin ƙasa a ramin Akokan, garin da ke manne da Arlit, kafin a rufe ramin. Abin da ya fito da shi daga can tari ne da ba ya barin sa. Duk zaman da na yi a gidansa ban taɓa ganin bakinsa ba. Rawaninsa ya rufe har hanci, in zai sha shayi sai ya cusa kofin ta ƙarƙashi. Matarsa kuwa, Inna Tekna, fuskarta a buɗe, tana zama cikin baƙi, tana katse shi in ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba. Gidan nata ne, awakin nata ne. Na ce a raina, a nan namiji ke lulluɓi.

Hausar Baba Aghali ba ta san mace ba. Ranar farko na sha kofin shayi ɗaya na miƙe, sai ya kama bakin rigata ya ce, "Zauna, ɗan Kano. Matata ya ce ba ka tashi sai ka sha na uku." Na waiga ina neman namijin da ya yi maganar. Ashe shayinsu dahuwa uku ce, kuma tashi kafin ta ƙarshe kamar ka ce ba ka son mutanen gidan ne. Sun ba ni cuku da dabino, sun ba ni taliyar Aljeriya wadda ta fi shinkafa yawa a garin, sun ba ni tagila, wata gurasa da ake binnewa a yashi mai zafi a rufe da toka, a tono ta a karkaɗe a gutsuttsura cikin miya. Na ci ina jiran yashi ya yi mini ƙaras a haƙori, ban ji ko ƙwaya ɗaya ba.

Akwai ranar da na sayo wa Hauwa wata tukunya mai kauri a kasuwa, ina murna na sami tsaraba. Inna Tekna ta juya ta ta duba, ta miƙo mini ta ce in mayar. A garin nan, in ji ta, ba a dafa abinci a ƙarfen da ba a san inda aka tsinto shi aka narka ba, domin wani daga ramin yuraniyom yake fitowa da gubarsa.

Baba Aghali yana da wata al'ada. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki manjagara ya tafi wani fili a bayan unguwa, inda ma'aikatan rami suke buga ƙwallo a da, ya tsince duwatsu, ya gyara layi. Ba wanda ya sa shi. Da na gane filin ƙwallo ne sai na riƙa kawo uzuri. Wata rana tari ya matsa masa, ya miƙo mini manjagarar ya ce in riƙe masa. Ba yadda zan ƙi.

A hanya na ba shi labarina, ban san ma ina ba shi ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mu a rami, in fitila ya mutu, ba a gudu, ba a kuma zama. Bango kake dafawa kana tafiya a hankali har ka ji iska a fuskarka." Muka ci gaba da tafiya zuwa filin.

Kusa da filin akwai sansanin da ake ajiye mutanen da aka koro daga Aljeriya. Ana sauke su a bakin iyaka, su taka zuwa Assamaka, daga nan a kwaso su zuwa Arlit su jira ranar da za a mai da kowa ƙasarsa. Akwai 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Mali, 'yan Gini, 'yan Kamaru. Na gan su jere a gindin katanga, maza majiya ƙarfi, suna matsawa in rana ta cim musu. Na san wannan zaman, ba sai an gaya mini ba.

Wasu daga cikinsu suna harbin wata tsohuwar ƙwallo a gefen fili, duk sun duru a kanta kamar 'yan tsaki a kan gara. Na kau da kai na ci gaba da jan manjagara. Amma akwai wani dogo mai jar riga da ke tsaron baya, kullum sai ya bar mutuminsa ya bi ƙwallo, a zagaye shi. Aka yi masa haka, aka sake yi masa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Kai mai jar riga, bar ƙwallo, riƙe mutum!"

Suka tsaya cak suna kallo na. Na ajiye manjagarar na ɗingisa na shiga, na kama kafaɗarsa na tsayar da shi inda ya kamata. Magariba ce ta fitar da ni daga filin.

Washegari sun riga ni zuwa, kuma sun ninka. Na raba su gida-gida, na koya musu tsayuwa da miƙa ƙwallo da yin magana da juna. Da Hausa nake yi da guntun Turanci, mai fassara wa masu Faransanci kuwa wani mutumin Tawa ne, Lawali. Magini ne, ya yi shekaru yana aiki a Aljeriya, aka ɗauke shi daga wurin gini da kayan jikinsa kawai. Ba ya buga ƙwallo, ba ya dariya. Ya gaya mini shi ba zai jira motar gida ba, masu bi da mutane ta sahara zai nema ya koma arewa. Kowa a garin ya san ba duk wanda ya bi wannan hanyar ke isa ba.

Na ce, "Lawali, ba ka da kowa a gida ne?"

Ya ce, "Ina da tsohuwa, ina da ɗiya biyu. Mi zan ce musu? In shiga Tawa hannu wohi, ana nuna ni?"

Ni ma na san ciwon nuni. Sai na dubi hannuwansa, faffaɗa kamar faifai. Na ce, "Wanda ya saba cafe bulo in an jefo masa daga ƙasa, ƙwallo ba za ta gagare shi ba. Shiga raga." Ya shiga don kawai in ƙyale shi. Ƙwallon farko da aka buga masa ya cafe ta da hannu ɗaya, ya tsaya yana kallon ta.

Rigima ta zo daga samarin unguwa. Filin nasu ne da yamma, suka zo suka tarar baƙi sun cika shi. Magana ta kawo magana, aka jefi juna, aka fasa wa wani ɗan unguwa goshi. Mai unguwa, wanda a can suke kira shef kartiye, ya ce daga ranar kada korarre ya ƙara taka filin ko ya ratsa ta unguwar. Mutanen nan ba su da komai a duniya a lokacin sai wannan filin. Baba Aghali ya je ya ba da haƙuri, aka ƙi. Sai Inna Tekna ta yafa mayafinta ta tafi da kanta, domin mai unguwar ɗan ƙanwarta ne. Ta dawo da sharaɗi: a buga wasa ranar Juma'a tsakanin 'yan gari da baƙi. In aka tashi lafiya, a raba filin. In aka doki wani ko sau ɗaya, magana ta ƙare.

Na buga wasanni a gaban dubban mutane, amma ban taɓa ganin wasan da ya dame ni irin na wannan Juma'ar ba. Gari ya fito, masu rawani, mata da yara, direbobi, har Yaya Sule ya hau kan wata mota ya zauna. 'Yan gari da rigunansu iri ɗaya da takalman ƙwallo. Nawa kuwa wasu ba takalmi, wasu sun ɗaure silifas da tsumma.

Mu muka fara ci. Wani ɗan Gini, Mamadu, wanda ya fi kowa iyawa a cikinsu, ya yanke mutum biyu ya zura ta. Mutanen sansani suka yi ihun da na tabbata an ji shi a Akokan. Daga nan 'yan gari suka sa shi a gaba. Bayan an dawo hutu wani ya shiga masa ta baya ya kwashe ƙafafunsa. Mamadu ya miƙe ya shaƙe wuyan rigar yaron, ɗaya hannun a dunƙule a sama.

Ban san yadda gwiwata ta kai ni wurin ba. Na shiga tsakaninsu na rungume shi, na danna kansa a ƙirjina. Yana magana da Faransanci yana kuka. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na san ba wannan yaron yake son duka ba, duk abin da ya same shi tun daga Aljeriya ne ya taru a hannun nan. Alƙalin wasa bai kore shi ba. Ni na kama hannunsa na fitar da shi, na sa wani a madadinsa.

'Yan wasana suka yi caa a kaina. Yaya Sule daga kan mota yana cewa, "Katanga, ka haukace ne? Shi ne fa mai cin!" Na ce su koma wurarensu. Na san in ya zauna za a sake taɓa shi, kuma karo na biyu ba zan riga hannunsa isa ba.

Da Mamadu ya fita, wasa ya koma gidanmu. 'Yan gari suka yi ta ruwan ƙwallo, Lawali yana tarewa, da hannu, da ƙafa, da ƙirji. Aka ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya yi tsalle ya ture ta, har 'yan garin da kansu suka tafa masa. Amma ƙarfi ya ƙare wa mutanena, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga sahara ba. Aka rama, can dab da tashi aka ƙara mana ɗaya. Aka busa usur, an cinye mu, ba a doki kowa ba.

Ina tsaye ina neman abin da zan ce musu, sai na ga samarin unguwa sun nufi ragarmu a guje. Na zaci faɗa za su tayar. Ashe Lawali suka je ɗauka. Suka ɗora shi a kafaɗa suna zagaya fili da shi, har da mai fasasshen goshin, shi kuwa yana ta cewa su sauke shi, yana dariya haƙora duk a waje. Mai unguwa ya zo ya ba ni hannu ya ce safiya ta baƙi ce, yamma ta 'yan gari, Juma'a kuma ta kowa. Ya tambayi Baba Aghali daga ina aka samo wannan antirena. Na tambaya me ake nufi, aka ce koci. An ba ni lambobin yabo a Kano, suna nan cikin akwati, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a ranar da aka cinye ni a Arlit ba.

Ba da daɗewa ba ƙarfen mota ya iso. Ranar da za mu tashi Inna Tekna ta ɗaure wa Hauwa cuku da dabino, Baba Aghali ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Muna shirin hawa sai ga Lawali da 'yar ledarsa. Ya ce, "Koci, ku aje ni Agadas in nemi motar Tawa. Tsohuwa ta ga ɗanta ya hi ta ga saƙo." Mamadu kuwa bai jira ba. Na sami labari ya sake bin hanyar arewa, kuma har yau ban ji ɗuriyarsa ba. Ina sa shi a addu'a.

Da muka iso Kazaure, Yaya Sule bai bar ni na buɗe baki ba. Ya zauna a tsakar gidanmu ya ba ƙanwarsa labarin wasan, yana tashi yana nuna yadda na ratsa fili, har ya ƙara abin da ba a yi ba. Da zai tafi ya ce, "Hauwa, mijin nan naki ba zan ƙara ɗaukar sa ba. Asara ce a sa shi jan shebur."

Na je na sami shugaban makarantar firamaren unguwarmu, ya ba ni aron filinsu safiyar Asabar da Lahadi da kowace yamma. Yaran sun fi ƙarfin ƙwallayen da muke da su, kuma ban san inda abin zai kai ni ba. Hauwa ta haɗa ragowar yadi ta ɗinka musu riguna kala biyu.

Asabar ɗin da ta wuce na fito da sassafe zan tafi, ta ce, "Baban Zainab, ba za ka tsaya ka karya ba?" Na ce yara suna jira na. Ta zuba mini ƙosai a leda ta miƙo. Na fita na tsaya a bayan katanga ina ɗaure takalmi, sai na ji maƙwabcinmu ya yi sallama yana tambayar ko ina ciki. Na ji muryar Hauwa daga tsakar gida, a sake, ba ta san ina ji ba.

Ta ce, "Ba ya nan, ya tafi aiki."